Fankar lantarki a mota: a daina haɗa ta dairek

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka in yi magana da direbobi da masu motoci da 'yan uwana masu rewaya a kan wani aiki da ya zama ruwan dare a garejojin Zariya, wato cire fankar inji mai tafiya da fambel a maye gurbinta da ta lantarki. Da zarar bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, duk wanda ya bi ta Kwangila ko PZ ko Ƙofar Doka da tsakar rana ba zai rasa ganin mota a gefen titi ba, bonet a buɗe, lagireto na ta tururi, direba na fasa ledojin fiya wata yana ɗurawa. Washegari sai gareji, kuma shawarar da zai samu ba ta wuce guda uku: a sa mata fankar lantarki, a haɗa ta dairek (wato kai tsaye da makulli, ta yadda ba ta tsayawa muddin mota na kunne), a cire tamostat (wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi). Ta farkon tana iya zama daidai. Biyun ƙarshen kuwa su ne ke cinye inji a hankali, su kashe batir, wani lokaci ma su jawo gobara, kuma abin yana damuna matuƙa, domin yawancin masu waɗannan motoci da su suke ciyar da iyali.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a tambayi direba yaushe motar ke ɗaukar zafi. Idan a cikin goslo ne ko a tsaye a tasha ana lodi, amma da an hau titin Kano ko na Kaduna allurar zafi ta sauko, to matsalar ta iska ce, kuma fanka ce abin tuhuma. Idan kuwa a kan babban titi take zafi, tana gudun kilomita 90 ko 100, da wuya fanka ce mai laifi, domin da mota ta wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa, iskar da ke shigowa ta gaba ta fi wadda fanka ke iya ja. Mai irin wannan mota ya duba lagireto ko ya toshe, ya duba wata famfo, wato famfon da ke zagaya ruwa a inji, ko fukafukansa sun cinye, ya duba hos ɗin ƙasa ko yana shaƙewa idan an taka totur, ya duba gasket. Sa mata sabuwar fanka asarar kuɗi ce kawai.

A duba marfin lagireto ma, abin da kowa ke rainawa. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga saman teku, saboda haka ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya a nan yana tafasa a wajen digiri 98. Marfi mai kyau, wanda aka buga 0.9 ko 1.1 a kansa, yana matse ruwan har sai ya kusa digiri 120 kafin ya tafasa. Marfin da robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki ya zubar da wannan rata gaba ɗaya, sai ka ga mota na amai alhali injin lafiyarsa ƙalau.

Yawancin fankokin fambel suna da kuloci a tsakiya, mai ɗauke da wani mai mai kauri da ɗan sifirin a gaba da ke jin zafin iskar da ta ratso lagireto. Idan iskar ta yi zafi sai ya kama, fanka ta ja da ƙarfi, idan ta huce ya saki. Gwajinsa ba wuya: a kashe mota bayan ta yi zafi sosai, a juya fankar da hannu. Mai lafiya za ka ji tana riƙe ka, ba za ta wuce zagaye ɗaya ba. Idan ta yi ta juyawa kamar ta ɗaki, ko ka ga mai ya jiƙa fuskarta ƙura ta manne, kulocin ya mutu. Sau da yawa sauya shi kaɗai ya isa, kuma ya fi sauƙin kuɗi a kan duk aikin da zan bayyana. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗaure shi da kusa ko a yi masa walda. Ƙarfin da fanka ke ci daga inji ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, idan gudun inji ya ninka biyu abin da take ci yakan ninka kusan takwas. Wanda ya ɗaure ta tamau zai ji ƙugi kamar jirgi, mota ta yi nauyi, boris ɗin wata famfo ya mutu da wuri, in an yi rashin sa'a reshe ya ɓalle ya fasa lagireto.

Wa ya dace ya koma ta lantarki? Mai ƙaramar motar fetur da injinta ke miƙe, wadda rayuwarta duk a cikin gari take, irin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da 505, da tsofaffin Marsandi, da ƙananan bas masu jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari. Irin waɗannan suna shafe rabin yini a silo, wato inji na tafiya a hankali, lokacin da fankar fambel ta fi rauni, ita kuwa ta lantarki ba ruwanta da gudun inji. Amma motar dizal mai ɗaukar kaya, Hilux da ke shiga ƙauye da buhunan masara, ko Hiace mai cika da fasinja har da kaya a sama, ko Canter, shawarata a bar musu ta fambel. Babu fankar lantarkin da ake samu a kasuwarmu da za ta ja iskar da fankar kuloci mai lafiya ke ja sa'ad da inji ke aiki da nauyi. Idan ana son ƙari, a sa musu ta lantarki a gaba ta zama mataimakiya. Su kuma Golf da Corolla da Civic da 406, da ma da ta lantarki suka fito, tunda injinsu a gicciye yake. Nasu ciwon shi ne dairek, zan zo kansa.

Wajen zaɓen fanka ne ake fara yin kuskure. Siririyar fankar nan ta kwali mai inci 10 ko 12, wadda aka rubuta wat 80 a bayanta, amfiya 6 zuwa 7 kawai take ja, ta taimakon kondensar AC ce, ba za ta riƙe inji ita kaɗai a zafin Afrilu ba. Kada a ruɗu da manyan lambobin da ake bugawa a kwali. Abin da na fi yarda da shi shi ne fankar Beljiyam da aka ciro daga wata mota tare da gidanta, guda ɗaya mai inci 14 zuwa 16, ko tagwaye. A auna tsawo da faɗin saƙar lagireto, banda tankunan, a tafi kasuwa da awon a rubuce, a nemo wadda gidanta zai rufe saƙar kusan duka. A wurin saye a jona ta da batir a saurara, a girgiza reshen a ji ko boris na wasa, a sunsuna moton ko yana ƙaurin ƙuna.

Gidan fanka shi ne rabin aikin. Fankar da aka maƙala tsirara tana jan iska ne daga da'irar da ta rufe kawai, kusurwoyi huɗun lagireto suna zaman banza, kuma tana zuƙo iska ta gefe maimakon ta cikin saƙa. A rufe duk wata kafa tsakanin gidan da lagireto da soso ko roba. A sa ta a baya, ɓangaren inji, tana zuƙa, domin wadda aka sa a gaba tana tura iska ita kanta shinge ce idan mota ta ɗau gudu. Sai in babu wuri sam. A bar tazarar aƙalla inci ɗaya tsakanin bayan moton da fulin wata famfo, saboda inji yana motsi a kan kujerunsa, musamman in an ci birki da ƙarfi ko an faɗa rami.

Ana sayar da wasu igiyoyin roba da ake sokawa ta tsakanin saƙar lagireto don riƙe fanka. A hanyoyinmu ba su da amfani, girgiza za ta sa su goge bututun har ya huje. A je wurin mai walda ya yanko ƙarfe mai faɗi guda huɗu, a ɗaure su a firam ɗin lagireto da noti, a sa wasar roba a tsakani. Sannan a tuna fambel yana nan daram, shi ke juya wata famfo da altaneta mai cajin batir. A motoci da yawa notocin da ke riƙe fanka su ne ke riƙe fuli, to idan an cire fankar a mayar da su, in kusoshin sun yi tsawo a sa gajeru ko a cike da wasa, kada su taɓa jikin famfo ta baya.

Yanzu wuta. Tsofaffin motoci da yawa altanetarsu amfiya 45 zuwa 60 ce, kuma wannan lambar sai inji na gudu take cika, a silo da ƙyar ta ba da rabi. Fanka mai kyau guda ɗaya tana jan amfiya 12 zuwa 20, tagwaye su kai 25 ko 30, kuma a daƙiƙar da moto ya tashi yana fizgar ninki biyu ko uku. Manyan fitilu biyu suna cin wajen 9 zuwa 10. Ƙara waifa da rediyo a daren damina cikin goslo, za ka ga batir ne ke biyan bashin. A sa mita a kan batir, mota a silo, a kunna fitilu da fanka da komai. Daga bolt 13.5 zuwa 14.5 lafiya lau. Idan ta faɗo ƙasa da 13, a nemi altaneta mai amfiya 80 ko 90, a kuma ƙara kaurin wayar da ta fito daga gare ta zuwa batir. Nan ne kuma zan ce wa masu motoci kada wani ya yi musu alkawarin ragin mai mai yawa. Wutar da fanka ke ci daga inji take fitowa ta hanyar altaneta. Ribar tana samuwa ne kawai saboda fankar tana hutawa a mafi yawan tafiya, wanda ya haɗa ta dairek kuwa ya zubar da wannan ribar tun daga ranar farko.

Abin da ake kira dairek shi ne a jawo waya daga makulli ko daga wani fis na dashbod kai tsaye zuwa fanka. Ba a yi makullin mota don ya ɗauki amfiya 20 na ƙari ba. Cikinsa zai riƙa zafi, robar ta narke, wata rana mota ta mutu a tsakiyar titi ko hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari. Akwai ma wani abin da ke ruɗa mutane: an kashe makulli amma inji ya ci gaba da 'yar tafiya, saboda fankar da ke kan juyawa ta koma janareta tana mayar da wuta cikin layin. Kuma moton da aka yi shi don ya riƙa aiki yana hutawa, an sa shi aiki daga Zariya har Abuja ba tsayawa, dole burushinsa ya ƙare da wuri.

Haɗin da ya dace yana buƙatar rile mai amfiya 40, wato makunnin da 'yar wuta ke sa shi ya haɗa babbar wuta, da fis, da makunnin zafi, wanda zafin ruwa ke kunnawa da kashewa. A ƙarƙashin rile an buga lambobi. Ƙafa mai lamba 30 tana zuwa kan batir, da fis a tsakani, kuma fis ɗin ya kasance kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya, domin duk wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da mai tsaro. Lamba 87 tana zuwa fanka. Lamba 86 tana karɓar 'yar wuta daga layin da ke zuwa idan an murɗa makulli. Lamba 85 tana zuwa makunnin zafi, ɗaya ƙafar makunnin kuma ta tafi bodi. Da haka makulli da makunnin zafi ba sa ɗaukar komai sai abin da bai kai rabin amfiya ba, nauyin duk yana kan rile. Layin 30 da 87 da at ɗin fanka, wato wayarta da ke zuwa bodi, a yi su da waya 4mm, tagwaye kuma 6mm, ko mafi kyau kowace fanka da nata rile da nata fis, ta yadda in ɗaya ta mutu ɗayar za ta kai ka gida. Layin 85 da 86 waya 1mm ta isa. Fis mai amfiya 30 yakan dace da fanka ɗaya. Idan yana yawan ƙonewa, ana neman dalili ne, ba a naɗa masa silin waya ko takardar sigari.

Wayar ma a duba ta. Ta gida mai sili ɗaya tana karyewa da girgiza, sai mai silli da yawa. A kankare silin da wuƙa, in ya yi fari a ciki alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, zai yi zafi ya ruɓe. A matse kawuna da tamina, ba a murɗa da hannu a naɗe da tef ba. Wurin at a kankare fenti har ƙarfe ya fito fes. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, a nisanta ta da salansa da fambel. Rile a ɗaure shi ƙafafu na kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Makunnin zafi yana da lambobi biyu a jikinsa, misali 92-87 ko 95-84. Ta farko zafin da zai kunna fanka, ta biyu wanda zai kashe ta. Ƙa'idar da ake yawan mantawa ita ce, lambar kashewa dole ta ɗara zafin da tamostat ke buɗewa, idan a hos ɗin sama aka sa shi. Tamostat mai 82 ya dace da 92-87. Idan tamostat 88 ne aka sa masa makunni mai kashewa a 84 a hos ɗin sama, ruwan ba zai taɓa saukowa 84 ba, fanka za ta tashi ta ƙi tsayawa. Irin wannan wurinsa jikin lagireto ne ta inda ruwa ya riga ya huce. In lagireto ba shi da ramin makunni, mai gyaran lagireto zai iya dasa masa idan na tagulla ne, ko a yanka hos a sa bututun ƙarfe mai rami daidai da kaurin hos ɗin. Makunni mai ƙafa ɗaya ta jikinsa yake samun at, to in a kan hos yake sai an jawo wa bututun wayar at, tunda roba ba ta wuce wuta, kuma kada a cika masa farin tef a zare. A tabbata kansa yana nutse cikin ruwa, wanda ke zaune a cikin iska ko tururi ba ya jin zafin gaskiya.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata kowane mai rewaya ya sani. Makunnin tsofaffin Toyota da yawa a juye yake aiki: a haɗe yake idan ruwa na da sanyi, ya raba idan ya yi zafi, shi ya sa in ka zare soket ɗinsa fanka ke tashi. Wanda ya sa shi a haɗin da na bayyana zai ga fanka na gudu da asuba, ta tsaya daidai lokacin da ake bukatarta. Ana iya amfani da shi da rile mai ƙafa biyar ta hanyar 87a, amma sai an kula kada fanka ta zauna a kunne bayan an zare makulli. Mafi sauƙi a gwada kowane makunni kafin a ɗaura: tukunya, ruwa, ma'aunin zafi da ƙwan gwaji, a ga daidai inda ƙwan ya kama da inda ya mutu.

Tamostat kuwa a bar shi a inda yake, in ya lalace a sa sabo. Cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi ba gaskiya ba ne. Inji yana son ya zauna tsakanin digiri 85 da 95. Wanda ke tafiya a digiri 60, kamar yadda ake gani da sanyin Disamba da Janairu, yana shan mai fiye da ƙima, a mota mai kwamfuta ma kwamfutar ce da kanta za ta riƙa ƙara mai tana zaton inji bai gama ɗumi ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai, ringi su cinye. A injuna da yawa kuma tamostat yana da faifai na biyu a ƙasa da ke toshe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe. In an cire shi, wani kaso na ruwan zai riƙa kewaya inji ba tare da ya je lagireto ba, sai motar da aka cire wa tamostat don ta yi sanyi ta ƙara zafi a kan titi.

Mota mai AC tana bukatar fanka ta tashi duk lokacin da kwamfireso ya kama, ko inji bai yi zafi ba, in ba haka ba gas zai matse, sanyi ya ɗauke a goslo. A sa rile na biyu da ke karɓar umarni daga wayar kulocin kwamfireso. Makunnin hannu a dashbod yana da kyau a matsayin ƙari, a haɗa shi ta yadda ko shi ko makunnin zafi kowanne zai iya tayar da fanka, tare da ɗan ƙwan da ke nuna fanka na aiki. Amma kada ya zama shi kaɗai, domin mantuwa ɗaya a cikin cunkoson Tudun Wada ta isa ta lanƙwasa tof silinda.

Bayan an gama, a cika ruwa, a fitar da iska, a tayar da mota a bar ta a silo. A manna takarda a gaban giril: in ta manne, iska na bin hanyar da ta dace, in ta faɗi ko ta tashi, an juya wayoyin. A lura, juya waya kaɗai ba ya mayar da mai turawa ta zama mai zuƙa yadda ya kamata, wasu sai an juya reshen ma. A jira a ga fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan lokaci, ta tsaya da kanta, har sau uku. A taɓa fis da rile da mahaɗan waya, ɗumi kaɗan ba komai, wanda ya ƙona yatsa akwai sako-sako a wurin. A auna wutar da ke isa fanka, kada ta gaza ta batir da fiye da rabin bolt. Mai mota ya tsaya ya ga wannan da idonsa kafin ya biya. Yara masu koyo kuma a ja musu kunne, wannan fanka ba ta sallama kafin ta tashi, kada a kai hannu sai an zare soket.

Ƙurar hunturu da ledoji da ƙaiƙayi suna toshe saƙar lagireto, a riƙa wanke ta daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi sosai don kada saƙar ta kwanta. Ruwan rijiya yana barin ƙanzo a cikin bututu, a yi ƙoƙarin sa ruwan kulant. Da damina, in za a ratsa ruwa mai zurfi, a zare fis ɗin fanka tukuna a mayar bayan an haye, domin reshen da ya bugi ruwa yana lanƙwasawa ya yanki lagireto. A ajiye rile ɗaya da fis biyu da 'yar guntuwar waya mai kauri a cikin mota. In allura ta hau a hanyar Funtuwa ko Jos kuma fanka ta ƙi tashi, a fara duba fis, sannan a haɗa wayoyi biyun makunnin zafi da juna. In ta tashi, makunnin ne ya mutu, a bar su a haɗe har gari. In ba ta tashi ba, a zare rile a haɗa ramin 30 da na 87 da guntuwar wayar, a tuna a cire ta idan an tsaya don kada batir ya kwana yana zuba.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya tsare mu a kan hanya.

Naku,
Mai gyaran wayar mota,
Sabon Gari, Zariya.